Ɗaurin talala da munduwar bibiya: wa ke riƙe da igiyar?

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san talala. Da damina, in shuka ta yi kai, akuya ba ta yawo yadda ta ga dama. Sai a ɗaura mata doguwar igiya a turke, ta yi kiwo iyakar inda igiyar ta kai. Daga nan aka samo sunan hukuncin da alƙali ke yi wa wanda laifinsa ya tabbata amma bai kai a jefa shi gidan yari ba: ɗaurin talala. Ya koma gida, ya yi nomansa, ya kwana cikin iyalinsa, bisa sharuɗɗa. A ƙasashe da dama yanzu igiyar ta zama na'ura, wata 'yar munduwar roba da ake ɗaurawa sama da idon sawu, tana aika rahoton inda mutum yake dare da rana. A karkarar Kano da Jigawa ba a saba ganinta ba tukuna, amma maganarta kan taso in aka zauna kan cunkoson gidajen gyaran hali, inda kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a faɗin ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Gara a san dokarta tun kafin ta iso, don in ta iso, manomin Kura ko na Auyo ne zai fara ɗanɗana kurakuranta.

Ikon yin ɗaurin talala a rubuce yake. A watan Agustan 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari ta zama hukumar gyaran hali, ta kuma raba aikinta gida biyu: tsarewa, da kula da hukuncin da ba na tsarewa ba. Sashe na 37 na dokar ya ɗora wa ɓangare na biyun ɗaurin talala, da aikin yi wa al'umma hidima, da sakin fursuna bisa sharaɗi, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta. Kafin nan akwai dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA. Sashe na 454 nata ya ce idan kotu ta ga tuhuma ta tabbata, amma ta duba halin mutum, da shekarunsa, da lafiyarsa, da ƙanƙantar laifin ko uzurin da ya kewaye shi, tana iya sallamarsa bisa takardar alkawari, da mai tsaya masa ko babu, na tsawon lokacin da bai wuce shekara uku ba. ACJA ta kotunan tarayya ce da na Abuja. Mutumin Ɓagwai ko Kaugama da aka kama da satar buhun masara, dokar jiharsa ce ke kansa; Kano ta yi tata a 2019, Jigawa ma na da tata, dukkansu sun ɗauko tsarinsu daga ta tarayya, sai dai lambobin sassan ba lallai su zo ɗaya ba.

A sashe na 455 na ACJA ne batun munduwa zai nemi ƙofar shiga. Ya ba kotu damar sa sharaɗi kan inda mutum zai zauna, da ƙaurace wa kayan maye, da duk wani abin da ta ga ya dace don hana maimaita laifin. Bai ambaci na'ura ba. Tambayar ita ce ko wannan "duk wani abin" ya isa a ɗaura wa mutum abin da zai riƙa rubuta kowane takunsa. A ganinmu bai isa ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da gidansa da sadarwarsa, sashe na 41 ya kare zirga-zirgarsa, sashe na 45 kuma ya ce ba a tauye su sai da doka, dokar da za a iya kare ta da hujja a ƙasar dimokuraɗiyya. Jimla ɗaya mai faɗi ba ta faɗi wa zai ɗaura munduwar ba, ba ta faɗi wa zai ga bayanan ba, ba ta faɗi yaushe za a goge su ba. Kotun ƙolin Amurka ta yanke a 2015, a shari'ar Grady da jihar North Carolina, cewa ɗaura wa mutum na'urar bibiya bincike ne a ma'anar tsarin mulki, dole a auna dacewarsa. Senegal sai da ta gyara dokokinta na laifuffuka a 2020 kafin ta fara aiki da munduwa. A nan gida ma hanyar a buɗe take, domin gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya sa harkar gidajen gyaran hali cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke da hurumi a kai tare. Majalisar dokokin Kano ko ta Jigawa na iya rubuta ƙa'idojin dalla-dalla.

Za a ce ai da yardarsa aka ɗaura, ga sa hannunsa. Gaskiya ne takardar alkawari sai ya amince. Amma wanda aka ce masa ko munduwa ko gidan yarin Kurmawa, ba sai an yi duba ba an san wadda zai ɗauka. Yardarsa ta shafi sharuɗɗan da aka karanta masa ya fahimta. Shi ya sa sashen na 455 ya wajabta wa kotu ta ba shi sanarwa a rubuce, cikin kalmomi masu sauƙi, ta abin da ake so ya kiyaye. Takardar Turanci a hannun wanda karatunsa na allo ne ba ta cika manufar nan ba. A karanta masa da Hausa a zauren kotu, rajistara ya rubuta cewa an karanta, in da hali a ba shi kwafi da Hausar boko ko ajami.

Igiyar kuwa a hannun kotun da ta yi hukuncin take. Jami'in sa ido aikinsa ya ziyarci mutum ko ya karɓi rahotonsa, ya tabbatar yana bin sharuɗɗa, ya sanar da kotu, ya ba shi shawara, har ya taya shi neman sana'a. Ƙara sharaɗi ko tsawaita wa'adi ba ya cikin aikinsa. In ya ga buƙatar canji sai ya koma gaban alƙali, a kira mai munduwar ya ji, ya faɗi nasa. Ƙa'idojin Tokyo na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990, kan hukuncin da ba na tsarewa ba, sun faɗi haka ƙarara: kada a tauye haƙƙin mutum fiye da abin da hukumar da ta yanke hukuncin farko ta halatta. Wannan na da muhimmanci a ƙauye, inda masu faɗa-a-ji suke da yawa. Mai unguwa da dagaci za su iya zama shaidu, za su iya tsaya wa mutum, kuma sau da yawa maganarsu ce ke sa alƙali ya sassauta. Amma dagaci bai da ikon cewa daga yau kada ka je kasuwa, kwamandan 'yan sintiri bai da shi, ɗan Hisba bai da shi, ma'aikacin kamfanin munduwar da ke zaune gaban kwamfuta a birni ma bai da shi. 'Yan sanda kuwa sai da warantin kotu, ko in sabon laifi aka aikata.

Na'urar iri biyu ce, kuma kowace da irin ƙaryar da take yi. Ta farko ta zaman gida ce: munduwa a ƙafa, da wani akwati da ake jonawa da wuta a ɗaki. Munduwar na aika sigina ta rediyo zuwa akwatin, shi kuma ya sanar da cibiyar sa ido ko mutum na kusa ko ya fita. Ba ta san inda ya tafi ba, ta dai san ba ya nan. Nisan da take kamawa 'yan gomman mitoci ne, ana saita shi ranar da aka kafa ta. An ƙera ta ne da tunanin gidan Bature mai banɗaki a cikin ɗaki. A gidan gandu, ɗakin samari yana bakin zaure, bayan gida yana can ƙuryar gida, rijiya tana waje, turken shanu yana bayan danga. Wanda gudawa ta kama da tsakar dare ya yi sahu huɗu, da safe takarda za ta nuna ya bar gida sau huɗu. Maganinsa shi ne ranar kafawa a zagaya da shi kowace kusurwa, har masai da rumbu, a gwada siginar, a rubuta a takarda cewa an gwada. Sannan gidan yawanci na mahaifinsa ne ko na wansa, akwai matan aure a ciki. Hukuncin bai hau kansu ba, don haka sai da izinin mai gida za a kafa akwatin, kuma a yarda tun farko cewa jami'i zai tsaya a zaure.

Ta biyu ita ce mai GPS. Tana sauraren taurarin ɗan Adam da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 a sama, tana buƙatar aƙalla huɗu kafin ta lissafa inda take, sannan ta tura bayanin ta layin waya, don akwai sim a cikinta. A fili, sama a buɗe, kuskurenta bai cika wuce mita biyar ba. Ƙarƙashin rufin kwano kuwa labari ya canza: siginar na raunana ko ta yi tsalle, sai a ga ɗigon mutum a taswira yana yawo alhali shi yana kwance a kan tabarma. Idan ta rasa taurarin gaba ɗaya, sai ta koma kintace da turakun sadarwa. A cikin birnin Kano turakun na kusa da juna, kintacen kan yi kusa da gaskiya. A karkara turke ɗaya ke ɗaukar ƙauyuka da yawa, kuskuren na iya kai kilomita. A bakin iyaka irin Maigatari ko Babura, inda wayoyi kan kama sabis ɗin Nijar mutum na cikin gonarsa, rahoto na iya nuna kamar ya tsallaka ƙasa.

Da wannan na'urar ake zana da'ira a taswira, wadda ba a so ya fita daga cikinta ko wadda ba a so ya shiga. A ce an hana shi kusantar gidan wanda suka yi rigimar iyakar gona da shi da mita 200. A birni wannan magana ce mai ma'ana. A ƙauye mai gida tamanin, cikin mita 200 ɗin nan akwai masallaci, da famfon tuƙa-tuƙa, da injin niƙa, da hanya ɗaya tilo da ke fita zuwa titi. Wanda ya zana da'irar a ofis bai taɓa taka garin ba.

Sai caji, wanda shi ne babbar matsala. Yawancin mundaye masu GPS na son cajin awa ɗaya zuwa biyu kowace rana, kuma mutuwar batir kanta saɓa sharaɗi ce a ƙasashen da ke aiki da su. Waya ana miƙa wa mai caji a tafi gona a dawo. Munduwa tana ƙafa, don haka mutum ne zai zauna a rumfar mai caji, ƙafarsa a miƙe kusa da janareta, yara na leƙe. Wasu nau'o'in na zuwa da ƙaramin batir da ake cajawa daban a maƙala a kanta. Wanda za a ɗaura wa a ƙauyen da babu wuta ya kamata ya nemi irin wannan, tare da ƙaramin sola, kuma a rubuta wa zai saya. Ko inda turakun kamfanin rarraba wutar lantarki na KEDCO suka kai, ba a manta ƙarshen Oktoban 2024 ba, lokacin da mafi yawan Arewa ta kwana fiye da mako cikin duhu. Ba a kuma manta 2021 ba, da aka katse sadarwa a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda tsaro. A irin ranakun nan kowace munduwa a yankin za ta yi shiru. Mai kyau a cikinsu kan adana bayanai ta tura in sabis ya dawo, amma sai batirinta na raye. Zafin Afrilu a Haɗejia, da kan wuce maki 40, shi ma yana rage ƙarfin batir.

Akwai kuma ruwa. Ana iya wanka da ita, amma ba a yi ta don wanda zai yini tsaye cikin fadamar shinkafa a Kadawa ba, ruwa da laka har ƙwauri. Cikin maɗaurin akwai siririn zare mai ɗauke da haske. In ya katse, cibiya za ta ga alamar an yi yunƙurin cirewa. Almakashi na katse shi, haka ma tsufa, da ƙaya, da fedar keke ko kik ɗin babur. Ga mai salla kuma, a nemi a bar sararin da yatsa zai shiga ƙarƙashin maɗaurin, don a mazhabar Malikiyya cuɗawa wajibi ce a wanka, alwala ma sai ruwa ya game idon sawu. Wanda ke zaman tahiya a kan ɓarin hagu zai fi jin sauƙi in aka zaɓi ƙafar da ba za ta danne ta ba. Abu ne ƙarami, amma sau biyar ne a rana har tsawon watanni.

Duk waɗannan a ranar hukunci ake gyara su. Tun ran gini tun ran zane. A ɗauki matashin da aka ce kada ya fita daga ƙarfe bakwai na yamma zuwa shida na safe. A Kano da Jigawa, duk shekara isha'i ba ta shiga sai bayan bakwai, asuba kuwa tana shiga kafin shida. Ke nan an raba shi da jam'i biyu kullum ba tare da kowa ya yi niyya ba, ga sashe na 38 na tsarin mulki da ya kare 'yancin ibada. In kawunsa da ya tsaya masa ya miƙe ya ce, "Allah gafarta Malam, yaron nan noman rani yake yi, layin ruwansa kan faɗo da dare, kuma ran Alhamis yana kai awaki Maigatari," alƙali na iya tambayar nisan gonar da lokacin dawowa daga kasuwa, ya sa a rubuta. Minti biyar ke nan. In aka yi shiru don kunya ko tsoro, gyaran zai ci takardar roƙo da zirga-zirgar makonni. Takardar ta ƙunshi ranar farawa da ranar ƙarewa, da awannin zaman gida, da sunayen wuraren da aka yarda ya je: gona, masallaci, kasuwar mako, asibiti. Ta faɗi lambar da zai kira in larura ta taso, kamar naƙuda ko rasuwa, da abin da zai yi in babu sabis. Maganar ci-rani ma a yi ta a nan, don matashin da ya saba tafiya Kudu bayan kaka, in aka ɗaure shi a gida shekara guda ba a tanadi abin da zai ci ba, an shirya masa faɗuwa ne.

To, ƙararrawa ta kaɗa a cibiya. Me doka ta ce a yi? Sashe na 459 na ACJA ya shimfiɗa hanyar. Sai an kawo wa kotu bayani bisa rantsuwa cewa an saɓa sharaɗi. Daga nan ta ba da warantin kamu, ko ta aika sammaci gare shi da masu tsaya masa. Saƙon da kwamfuta ta turo ba rantsuwa ba ne; dole wani mutum ya tsaya ya ce na duba, ga abin da na gani. In an kama shi, sashe na 35 na tsarin mulki na aiki kamar yadda yake yi wa kowa: a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, yana da damar yin shiru har ya ga lauya, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Kotu na iya ba da belinsa kafin a saurari maganar. Don batir ya mutu, sammaci ya wadatar.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne ƙarshen sashe na 459 ɗin. Idan kotu ta gamsu an saɓa sharaɗi, tana iya kama shi da laifin farko ta yanke masa hukunci ba tare da sake kawo hujjar laifin ba. Ba za a sake kiran mai masara ba. Abin da za a saurara kaɗai shi ne ko ya saɓa, don haka wannan zaman shi ne dukkan garkuwarsa, mai tsaya masa ma kuɗin da ya ɗauki alkawari na cikin haɗari. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ba shi haƙƙin a saurare shi da adalci: ya san abin da ake zarginsa da shi, rana da sa'a, a ba shi lokaci da kayan shirya kariya, ya yi wa shaidu tambayoyi, ya kawo nasa, a ba shi tafinta kyauta. Amurka ta isa nan a 1973, a shari'ar Gagnon da Scarpelli, inda kotun ƙoli ta ce ba a soke ɗaurin talala sai an yi zama biyu, na share fage da na ƙarshe, da sanarwa a rubuce, da bayyana hujja, da rubutaccen dalilin hukunci. A kotunanmu na Musulunci ƙa'idar ta girmi wannan nesa: hujja tana kan mai da'awa, kuma ba a yanke hukunci sai an yi i'izari, an tambayi mutum ko yana da sauran abin faɗa. Hukunce-hukunce da dama sun rushe a ɗaukaka ƙara saboda rashin i'izari kaɗai.

Takardar da aka buga daga kwamfuta ma tana da nata sharuɗɗan. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 na buƙatar a nuna cewa na'urar na aiki daidai a lokacin, ko in ta sami matsala, matsalar ba ta taɓa ingancin bayanin ba, tare da takardar shaida daga wanda ke da alhakin kula da ita. Tambayoyin da ke warware yawancin irin wannan zargi kaɗan ne. Ɗigon nan daga tauraro ya fito ko daga kintacen turken sadarwa? Kuskuren mita nawa na'urar da kanta ta rubuta a gefensa? Ɗigo ɗaya ne ya yi tsalle ya dawo cikin minti guda, ko jerin ɗige-ɗige ne da ke bin hanya kamar tafiyar mutum? Da wane agogo aka buga lokacin? Wannan ta ƙarshe ba wasa ba ce: na'urori da yawa na rubutu da agogon GMT, Najeriya kuwa tana gaba da shi da awa ɗaya, don haka wanda ya fita ƙarfe shida da rabi na safe, bisa izini, zai bayyana a takarda kamar ya fita biyar da rabi. In zargin yanke maɗauri ne, a kawo maɗaurin kansa kotu a duba bakin yankan. Tunda wannan zargin aikata laifi ne, sashe na 135 na dokar shaida na buƙatar hujjar da babu kokwanto a cikinta. A 2017 gwamnatin Birtaniya da kanta ta amsa cewa wasu maɗaurai masu lahani sun yi ta aika ƙararrawar ƙarya, har ana jin an mayar da wasu gidan yari a kan haka. Shekara huɗu kafin nan an gano manyan kamfanoni biyu da ke riƙe da kwangilar, G4S da Serco, suna karɓar kuɗin bibiyar mutanen da wasunsu sun koma gidan yari, wasu ma sun mutu.

Shi kansa mai munduwar akwai abin da zai yi a daren da matsala ta faru. Ya kira jami'insa nan take. In bai ɗauka ba ya tura saƙo, don saƙo na ɗauke da lokaci. In babu sabis, ya je wurin mai unguwa ko liman ya ce, "Baba, ga abin nan ya mutu, ka shaida ina gida," a rubuta rana da sa'a a littafi. Kada ya taɓa maɗaurin, ko da ya kumbura masa ƙafa. Ya je asibiti, ma'aikacin lafiya ya rubuta. Katin asibiti, da rasitin magani, da shaidar mai caji cewa janareta ya lalace, su ne lauyansa kafin lauya ya zo. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, tana da ofis a kowace jiha.

Ko saɓawar ta tabbata, gidan yari ba dole ba ne. Kalmar dokar "tana iya" ce. Ƙa'idojin Tokyo sun ce gazawar hukuncin da ba na tsarewa ba kada ta kai ga tsarewa kai tsaye, a fara neman wani madadin. A Ingila kotu na duba ko akwai uzuri karɓaɓɓe, kuma saɓawar farko yawanci gargaɗi take jawowa. Akwai rata mai faɗi tsakanin wanda ya makara minti ashirin don motar kasuwar Wudil ta lalace a hanya, da wanda ya je ƙofar gidan da aka hana shi riƙe da gora. Haka batun kuɗi. A sassa da dama na Amurka mai munduwa ne ke biyan hayarta kullum, abin da ya jefa talakawa cikin bashi. Tun 1983, a shari'ar Bearden da jihar Georgia, kotun ƙolinsu ta hana soke ɗaurin talala don mutum ya kasa biyan tara, sai an bincika ko da gangan ya ƙi. Duk dokar da za a rubuta a nan, in ta ɗora kuɗin na'ura a kan wanda ya saci kaza don yunwa, ta mayar da zaman gida na masu hali.

Bayanan da munduwa ke tarawa sun wuce abin da kotu ta nema. Wata shida na tafiyar mutum na nuna gidan da yake zuwa zance, da malamin da yake zuwa wurinsa, da asibitin da yake karɓar magani. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sassauta wa hukumomin da ke zartar da hukuncin laifi wasu wajibai, amma ba ta ɗauke musu ginshiƙan ba: a tara iya abin da ake buƙata, don manufar da aka faɗa, kada a riƙe fiye da lokacin da ya kamata. In wani ɗan sanda na binciken satar shanu ya so ganin inda duk masu munduwa na ƙaramar hukuma suka kwana, wannan sabuwar buƙata ce, ta bi ta kotu. Ga kuma idon jama'a. Abu ɗaure a ƙafa a ƙasar Hausa mari yake tunawa mutane, musamman bayan gidajen marin da aka bankaɗo a Kaduna da Daura a 2019. Dogon wando na rufe ta a kasuwa, amma ba ya rufe ta a wurin alwala, kuma dangin yarinyar da yake nema za su ji kafin la'asar.

Wanda aka soke wa talala ba bisa ƙa'ida ba na iya ɗaukaka ƙara, yawanci cikin kwana 30, don haka a nemi kwafin hukuncin tun ranar. Wanda aka tsare ba da umarnin kotu ba na iya zuwa babbar kotu a ƙarƙashin sashe na 46 na tsarin mulki, kuma sashe na 35 ya tanadi diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Ranar da wa'adi ya cika, ikon ɗaura munduwar ya ƙare a ranar, ko jami'i ya sami man babur ɗin zuwa ƙauye ko bai samu ba. Duk da haka kada mutum ya yanke ta da kansa. Ya je ofishin da takardar kotun a hannu, su cire, su ba shi shaidar cewa ya mayar da munduwa da caja da akwati lafiya, ya kai wa rajistara kwafi a sa a fayil, a kuma sallami kawun da ya tsaya masa a rubuce.